MOTA DA HANYA: Birki na riƙe ƙafa, taya ke riƙe ƙasa

Yau wannan fili zai dubi wani yayi da ya shigo garejojin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, wanda ake kira ƙara wa birki ƙarfi. Mai mota kan zo wurin makanike ya ce a cire masa diskin da motar ta zo da shi, a saka wanda ya fi shi faɗi, ko mai huje-huje, a ɗauko masa abin matse diski daga wata babbar mota, wani ma har ya sa a shafa masa jan fenti domin a hango shi ta cikin ƙafar mota. Abin da ke ransa shi ne, in birki ya ninka girma, to nisan da mota ke ci kafin ta tsaya zai ragu da rabi. Niyyar kam mai kyau ce, don duk wanda ya saba bin Hanyar Haɗin Kai daga Yamai zuwa Damagaram, wajen kilomita 900, ya san yadda amalanke, ko saniya, ko yaro mai talla kan faɗo bisa kwalta ba sallama. To amma tambayar ita ce: me waɗannan kuɗi suke sayo wa mai mota? Amsar da mita ake auna ta, kuma a ƙarshen mitocin nan rayukan bayin Allah ne.

Inda ƙarfin birki ya tsaya

Sa'ad da direba ya taka birki, ƙafarsa na tura man birki daga wani ɗan famfo da makanikai ke kira metir-silinda. Man ya bi ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafun mota huɗu, can ya matse plaket a jikin diski, ko kuwa ya buɗe garnitir a cikin tambur. Iyakar aikin birki ke nan: ya hana ƙafa juyawa. Amma hana ƙafa juyawa daban, tsayar da mota daban. Abin da ke tsayar da mota shi ne cizon da taya ke yi wa ƙasa, kuma wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Tafin hannu huɗu ke nan ke riƙe da mota, da fasinja, da kayansu.

Daga nan sai a gane sirrin maganar. Duk motar da birkinta ke da lafiya, in aka taka shi da ƙarfi bisa busasshiyar kwalta, zai iya kulle ƙafafun har taya ta yi kuka ta bar baƙin zane. Wannan kukan shaida ce cewa birki ya riga ya fi ƙarfin abin da taya ke iya riƙewa. In aka ƙara masa ƙarfi bisa wannan, ƙafa za ta fi saurin kullewa ne kawai, motar kuwa ta ci gaba da zamewa kamar dā. Misalinsa kamar ƙaton ɗan kokawa ne da ke tsaye bisa santsi: kome ƙarfin damtsensa, tafin ƙafarsa ke yanke hukunci. Saboda haka ne in aka gwada mota ɗaya, da taya ɗaya, bisa hanya ɗaya, sau ɗaya da birkinta na asali mai lafiya, sau ɗaya da babban birki, bambancin nisan tsayawa a takawar farko ɗan kaɗan ne, wani lokaci ma babu shi.

Lissafin da ba ya karɓar roƙo

Nisan tsayawa kashi biyu ne. Na farko shi ne tafiyar da mota ke yi tsakanin ganin haɗari da taka birki, wanda ga direban da ke cikin hayyacinsa kan ɗauki wajen sakan ɗaya. Na biyu shi ne tafiyar da take yi bayan birki ya kama. Bisa busasshiyar kwalta mai kyau, da taya mai lafiya, ga yadda lissafin yake. Mai gudun kilomita 50 a awa kan ci mita 14 kafin ƙafarsa ta kai ga birki, sa'an nan wasu mita 14 kafin mota ta tsaya, jimla mita 28. Mai gudun 100 kan ci mita 28 da kuma mita 56, jimla mita 84. Mai gudun 120 kuwa, mita 33 da mita 81, jimla mita 114, wato fiye da tsawon filin ƙwallon ƙafa.

Mai karatu zai lura cewa da gudu ya ninka biyu, daga 50 zuwa 100, nisan da birki ke bukata bai ninka biyu ba, huɗu ya ninka. Wannan doka ce ta halitta, ba wani kamfanin ƙera birki da ya isa ya soke ta. Waɗanda suka yi makarantar koyon tuƙi kafin su samu permi za su tuna da ɗan lissafin da ake koyarwa: a yar da sifilin ƙarshe, a ninka abin da ya rage da kansa. Gudun 50 ya ba da mita 25, gudun 90 ya ba da mita 81, gudun 100 ya ba da mita 100. Lissafi ne na kintace, amma ya ishi mai hankali.

Ga wani misali da ya fi ratsa jiki. A ɗauka motoci biyu sun shigo wani gari na bakin hanya ran kasuwa, ɗaya na gudun 50, ɗaya na gudun 70, sai yaro ya ƙetaro mita 28 a gabansu. Mai gudun 50 zai tsaya dab da yaron. Mai gudun 70 kuwa, mita 19 sun tafi kafin ya taɓa birki, sauran mita 9 ba su isa kome ba, zai buge yaron yana bisa gudun da ya kusa kilomita 60 a awa. Ko da wanda ke gudun 60 ne, zai buge shi da gudun 40. Babu diski, kome faɗinsa, da zai maido da mitocin da suka salwanta kafin a taka birki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a rahotonta na 2023 ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, take sa gudu a sahun gaba na abubuwan da ke kisa.

Wannan duka bisa kwalta mai kyau ne. Da damana, in ruwan farko ya sauka ya haɗu da ƙura da man da ya ɗiga bisa hanya, ko bisa jar hanya mai tsakuwa da gargada, ko inda iska ta share rairayi ta zuba bisa kwalta, cizon taya na iya raguwa da rabi, nisan birki ya ninka biyu. A irin wannan wuri, mai babban birki da mai ƙarami duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Abin da babban birki ke saye: haƙurin zafi

Wannan ba ya nufin ƙara wa birki girma aikin banza ne. Yana da amfani, sai dai ba inda mutane ke zato ba. Birki na'ura ce mai mai da gudu ya zama zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,200, in ta tsaya daga gudun 100, zafin da ke fita cikin sakan huɗu ya isa ya tafasa ruwa lita ɗaya da rabi. Hiyas da aka shaƙe da mutane da kaya har ta kai tan 3, nata zafin ya kusa tafasa lita huɗu. Mafi yawan wannan zafi a ƙafafun gaba yake taruwa, don in an taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya, kuma ƙafafun gaba ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin, ko fiye.

In takawa ɗaya ce, ƙarfe na shanye zafin ya huce. Amma in aka yi ta takawa a kai a kai, kamar a gangaren duwatsun Adar wajen Keita da Buza, ko a jerin garuruwan da kowanensu ke da tudun rage gudu, cikin ranar watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, sai zafi ya taru ya fi abin da ƙarfe ke iya fitarwa. Plaket ya yi santsi, ya fara wari, direba na takawa da iyakar ƙarfinsa, mota na tafiya abinta. A nan ne diski mai kauri, mai ramukan shan iska a tsakiyarsa, da plaket mai nagarta, ke nuna bambancinsu: takawa ta goma na kamawa kamar ta farko.

Tarihi ma ya tabbatar da haka. Tun shekarar 1902 Louis Renault a Faransa ya fito da birkin tambur, a shekarar kuma wani Baturen Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar birkin diski. Amma sai a 1953 duniya ta yarda da diski, sa'ad da motocin Jaguar suka zo na ɗaya da na biyu a tseren awa 24 na Le Mans. Abin da ya ba su nasara shi ne, bayan dare da yini ana takawa, birkinsu bai gaji ba. Daga nan Citroën ta sa diski a gaban motarta DS a 1955, Renault 8 ta fito da diski a ƙafa huɗu a 1962. Ke nan tun asali, maganin zafi aka je nema. Wanda ke jigilar fasinja tsakanin Ƙonni da Tawa, ko mai bashe da ke ɗaukar albasar Galmi, ko mai jan tirela a bayan motarsa, shi ke da hujjar neman birki mai haƙurin zafi. Ma'aikacin da iyakarsa gida zuwa ofis cikin Yamai, birkin da motar ta zo da shi ya ishe shi, in dai yana da lafiya.

Akwai wani abu kuma da zafi ke yi, wanda ya fi wannan muni, kuma maganinsa ya fi kowane araha. Man birki na shan danshin iska sannu a hankali. Wanda aka rubuta wa DOT 3, yana sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya tsufa ya sha ruwa, digiri 140 na iya tafasa shi. DOT 4 kuwa daga 230 yake sauka zuwa 155. Da zarar man ya tafasa cikin bututu, sai ya zama tururi, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa ba abin da ya kama. Masu ƙera motoci da yawa na cewa a sake man nan duk shekara biyu. Amma motoci nawa ne ke yawo da man da suka iso da shi daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana? Balle waɗanda in man ya yi ƙasa a daji, sai yaron mota ya cika da ruwan sabulu. Wanda ya sa diski mai tsada bisa irin wannan mai, ya yi wa ɗaki ado ne alhali gara ta cinye azara.

Garin neman gira

Gyaran da aka yi ba da sani ba na iya mai da mota ta fi dā haɗari. Injiniyoyin da suka ƙera mota sun auna rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya, yadda ƙafafun gaba za su riga na baya kullewa. Dalili kuwa, in gaba ya kulle mota miƙe take zamewa, amma in baya ya riga kullewa, sai ta juya gindinta ya koma gaba, in mai tudun kaya ce bisa rufi ta wuntsila. Tsoffin direbobin Pijo 504, motar da ta fito a 1968 kuma aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, sun san wata ƴar na'ura da ke ƙarƙashinta ta baya, mai rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin da aka ɗora. Wanda ya cire irin wannan na'ura, ko ya sa wa baya birkin da ya fi na asali ƙarfi, ya rushe wannan ma'auni.

Haka nan, in aka ɗauko abin matse diski na babbar mota aka haɗa shi da ƙaramin metir-silinda, man da famfon ke turawa ba zai ishe shi ba, sai birki ya yi nisa, ƙafa ta yi tafiya mai tsawo kafin ya kama. Plaket irin na motocin tsere ba ya cizo sosai sai ya ɗauki zafi, ke nan da sanyin safiya cikin gari, inda yara ke tafiya makaranta, ya fi na asali rauni. Diski mai huje-huje na araha kan tsage daga bakin hujin, ga kuma rairayi da ke samun wurin maƙalewa. Manyan ƙafafun ado masu nauyi su ma ƙarin aiki ne ga birki. Kuma ko kayan kirki aka saka, sabon plaket na bukatar tafiyar kilomita 200 zuwa 300 ana taka shi a hankali kafin ya zauna daidai a jikin diski. Wanda ya fito daga gareji da yamma ya kama hanyar Agadas da asuba yana ji da sabon birki, ya manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar jabu. Tun karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, wadda ta ninka tsadar duk abin da ake shigowa da shi, masu motoci da yawa suka saba da neman kayan gyara mafi araha, kuma sabon bai bar su ba. Kasuwa cike take da plaket mai kyan kwali, wanda abin gogarsa kan ɓamɓare daga jikin ƙarfe in ya ji wuta. A Turai akwai ƙa'idar da ake kira R90, wadda ta ce plaket ɗin canji bai kamata ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba, kuma ana buga alamarta a bayansa. Alamar ma ana iya kwaikwayonta, saboda haka mai saye ya haɗa da sanin wurin wanda yake saye. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma na'urar ABS, wadda Bosch da Mercedes suka fito da ita a 1978. Aikinta shi ne ta riƙa saki tana kamawa sau da yawa cikin sakan ɗaya don kada ƙafa ta kulle, direba ya samu ikon karkata sitiyari yana bisa birki. Bisa kwalta, musamman jiƙaƙƙiya, babbar garkuwa ce. Bisa rairayi da tsakuwa kuwa takan ƙara nisan tsayawa, abin da ya kamata masu shiga ƙauyuka su sani. Abin takaici, in fitilarta ta kama a gaban direba, maimakon a nemi ciwon, sai a cire ƙwan fitilar, musamman in za a kai motar kasuwa.

Ina ya kamata kuɗi su fara zuwa?

Wanda ke da ƴan kuɗi a hannu yana son motarsa ta riƙa tsayawa da wuri, to ya fara daga ƙasa. Taya ita ce ta farko. Zanenta kada zurfinsa ya gaza milimita 1.6, gara ma a sake ta tun kafin nan. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu faɗin ranar haihuwarta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta tsufa robarta ta bushe, ko da zanenta na nan, ba ta cizo. Cikin tayoyin gwanjo da ake shigowa da su akwai waɗanda aka yi domin ƙanƙarar Turai, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu na da laushi, kuma bisa kwalta mai zafi nisan tsayawarsu ya fi na sauran. A kuma riƙa auna iska da safe kafin taya ta ɗumama.

Na biyu, a zubar da tsohon man birki, a sa irin wanda aka rubuta bisa murfin, a fitar da iska daga bututu. Na uku, a duba bututun roba ko sun kumbura ko sun tsage, kuma kada a yarda da dabarar nan ta toshe bututun ƙafar da ke yoyo a ci gaba da tafiya da birki uku. Na huɗu, plaket da garnitir na kirki, tare da auna kaurin diski, don kowane diski an rubuta masa iyakar cinyewarsa. Na biyar, amortisar, domin ƙafar da ke tsalle bisa gargada ba ta taɓa ƙasa balle ta riƙe ta. Sai bayan duk wannan, in aikin motar na nauyi ne da gangare, a yi maganar babban diski, kuma a nemi wanda aka ƙera domin irin wannan mota, a hannun makaniken da ya san ma'aunin gaba da baya.

Sauran kuwa ba a sayen su a kanti. Direban da ke cire giya a gangare, ko ya kashe inji don tsimin mai, ya sani cewa na'urar da ke taimakon ƙafarsa wajen taka birki da inji take aiki. In inji ya mutu, bayan takawa biyu ko uku birki zai yi tauri kamar dutse. Gangare da ƙaramar giya ake sauka, inji ya riƙe mota, birki ya huta. Lodin da ya wuce ƙa'ida na cinye duk rarar da injiniya ya bari. Waya a kunne, ko gyangyaɗin wanda ya kwana tuƙi, na mai da sakan ɗaya ya zama biyu, wato ƙarin mita 28 ga mai gudun 100.

Nauyin bai tsaya ga direbobi kaɗai ba. Masu binciken lafiyar motoci, wato bizit teknik, hakkinsu ne su ɗora kowace mota bisa na'urar auna birki, ƙafa bayan ƙafa, kafin su buga hatimi. Shugabannin sandikar masu sufuri, waɗanda ke ganin kowace mota kafin ta bar tasha, sun fi kowa ikon hana mai sulɓaɓɓiyar taya ɗaukar mutane. Jandarmomin bakin hanya, bayan duba takardu, su sunkuya su dubi ƙafafun mota. Fasinja shi ma, da ya biya kuɗinsa, yana da bakin cewa: malam direba, a sassauta.

Mai mota da ya fito daga gareji da jan birki yana walƙiya, ya ƙara kilomita 20 bisa gudunsa don ya amince da shi, ya sayi nisan tsayawa mai tsawo da kuɗinsa. Wanda ya sa taya mai kyau, ya sake mai, ya rage gudu a bakin gari, shi ne ya ƙara wa birkinsa ƙarfi na gaskiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.